Ya Tare Hanya, Amma Jininsa Bai Halatta Ba

Assalamu alaikum 'yan uwana masu riƙe sitiyari, musamman matasan cikinmu.

Duk sanda aka saki bidiyon masu zanga-zanga sun datse titi, sai ka ga samari suna rubuta "wallahi in ni ne ta kansu zan bi." Wani ma ya ƙara da cewa ai doka tana bayansa, tunda su suka fara tare hanya. Don Allah a daina wannan maganar, a kuma cire ta daga zuciya, domin akwai waɗanda ta kai gidan yari kuma ba za su fito ba.

Gaskiya ne tare hanya laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa. Sai dai hukuncinsa tara ne ko ɗan ɗauri, kuma alƙali ke yanke shi, ba bambar motarka ba. Ranar da aka tsayar da kai a gaban kotu, ba zanga-zangar ake tuhuma ba, kai ake tuhuma. Daga wane nisa ka hango su? Gudun nawa kake yi? Birki ka taka ko totur? Akwai wurin juyawa? Bayan ka buge mutum, ka tsaya ko ka ƙara wuta? A kan amsar waɗannan ake ɗora hukunci.

Idan aka tabbatar ka nufi mutanen da mota kana sane, ko ka san abin da kake yi zai iya kashe rai amma ka ci gaba, to kisan ganganci ne, kuma motar ta zama makami kamar adda ko bindiga. Hukuncinsa ɗaurin rai da rai, ko kisa a inda ake zartar da shi. Ƙasa da wannan akwai tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa: ba ka yi niyyar kashe kowa ba, amma ka ga haɗari ƙiri-ƙiri ka kutsa. A Najeriya dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, a Ingila kuwa tun 2022 an ɗaga shi daga shekara 14 zuwa rai da rai. Sai sakaci, kamar wanda hankalinsa ke kan waya har ya afka wa mutane. Wanda ke fita ba laifi shi ne wanda ya yi duk abin da direba mai hankali zai yi, amma abin ya fi ƙarfinsa, misali mutum ya faɗo gabansa cikin duhu a tazarar da birki ba zai kama ba.

Inda samari suka fi ruɗuwa shi ne batun kare kai. Doka ta yarda ka kare ranka, amma da sharuɗɗa. Barazanar ta zama ta yanzu-yanzu, ta kisa ko ta mummunan rauni, tsoron naka ya zama irin wanda duk mai hankali zai ji a wurin, kuma ƙarfin da ka yi amfani da shi kada ya wuce abin da zai fitar da kai. Zagi ba ya cikin wannan. Buga bonet da tafin hannu, watsa maka ruwa, ɓata maka awa biyu a rana, duk ba su isa ba. An fasa gilashi ana ƙoƙarin jawo ka waje, ko an zo da fetur da ashana, wannan wata magana ce daban. Ko a nan ma, abin da aka yarda maka shi ne ka tsere, ba ka rama ba. Wanda ya samu ya fita, sannan ya sa ribas ya dawo kansu, ya rushe hujjarsa da hannunsa. Haka wanda ya hango taron tun daga nesa, ga hanyar juyawa a buɗe, amma ya shiga tsakiyarsu don taurin kai, da wuya kotu ta saurari kukan cewa an kewaye shi.

A Amurka aka fi gwada wannan batu a kotu, kuma daga can ne jita-jitar "an halatta buge masu zanga-zanga" ta taso. A 2021 jihohin Oklahoma da Florida da Iowa sun yi dokoki a kai. Amma ku duba abin da ta Oklahoma ta ƙunsa: kariyar tana ga direban da bai yi da gangan ba, yana gudu ne daga tarzoma, yana da dalili mai ƙarfi na ganin cewa in bai gudu ba za a kashe shi ko a ji masa mummunan rauni, kuma ya yi taka-tsantsan a lokacin. Sharaɗi huɗu ke nan, ɗaya ya faɗi kariya ta faɗi. Ta Iowa ta shafi ƙarar neman diyya ne, kuma ta cire mai ganganci. A Dakota ta Arewa an kawo irin wannan ƙudiri a 2017, majalisa ta yi watsi da shi.

A birnin Tulsa na jihar Oklahoma, ranar 31 ga Mayu 2020, wani mai motar ɗaukar kaya da iyalinsa a ciki ya ratsa taron da ya kewaye shi a babbar hanya, mutane suka ji rauni, mai gabatar da ƙara bai tuhume shi ba saboda ya gamsu tsoro ne ya kore shi. Bayan wata guda da 'yan kwanaki, a Seattle, wani ya bi ta hannun da ba nasa ba ya shiga titin da aka rufe, ya buge mutum biyu, ɗaya ya mutu. Ya amsa laifi, ya samu shekara 6 da rabi. A Charlottesville kuwa, ranar 12 ga Agusta 2017, wani mai suna James Fields ya ja motarsa da baya sannan ya taho da gudu cikin taron masu zanga-zanga, ya kashe Heather Heyer. Lauyoyinsa sun ce tsoro ne. Masu gabatar da ƙara suka fito da hoton mota tana kutsawa cikin mutane wanda ya sa a Instagram watanni kafin ranar. An yanke masa rai da rai da ƙarin shekara 419. Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuma yatsa ma yana yanka. Wannan "ta kansu zan bi" da ka rubuta da wasa, wata rana ana iya karanta maka ita a kotu a matsayin shaidar niyya.

Ba wayarka kaɗai ke ba da shaida ba. A taron zanga-zanga kusan kowa ɗaukar bidiyo yake yi, daga kowane ɓangare. Motocin zamani da yawa kuma suna da wata na'ura da ke adana bayanan kusan daƙiƙa 5 kafin karo: gudun motar, yadda aka danna totur, da ko an taɓa birki. Ka ce birki ne ya ƙi, na'ura ta ce ƙafarka ba ta je kansa ba.

Akwai wata dabara da direbobi ke ganin ta wayo ce, wato a riƙa turawa a hankali har mutane su buɗe. Ita ma tana cin rayukan mutane. Na gaba ba zai iya matsawa ba domin na bayansa sun tokare shi. Bamba ta daki gwiwarsa, ya durƙusa, ya ɓace maka ƙarƙashin bonet, ba ka ma san yana nan ba. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi ba ta buƙatar gudu kafin ta murƙushe ƙirji. Jama'a su ga ɗan uwansu a ƙasa su yi kanka da duka, kai kuma ka firgita ka danna totur. Abin da ya fara da hon ya ƙare da gawa. Mai tirela ko tanka nasa ya fi muni, domin wanda ke tsaye dab da gabansa ko gefen ƙofar da ba ta direba ba, ba ya ganinsa sam.

Saboda haka aikin yana farawa tun daga nesa. Da ka hango hayaƙin taya, ko cincirindo, ko motoci suna juyowa, ɗaga ƙafa daga totur, kunna fitilun gargaɗi don na bayanka. A lissafin littafin dokokin hanya na Birtaniya, mai gudun kilomita 48 a awa yana buƙatar mita 23 kafin ya tsaya cak, mai gudun 80 yana buƙatar mita 53, in titi ya jiƙe a ninka. Tsaya da tazara, yadda kana ganin tayoyin bayan motar da ke gabanka suna taɓa ƙasa, wannan gibin shi zai ba ka damar karya kan mota ba sai ka yi ribas ba. In akwai juyawa, juya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. In an riga an rufe ka, kulle ƙofofi, ɗaga gilashi, bar injin a kunne, hannayenka a kan sitiyari inda za a gan su. Kada ka yi hon, kada ka tada ƙarar inji don tsoratarwa, kada ka fito yin gardama. Kira 'yan sanda ka faɗi inda kake, domin wannan kiran shi ma shaida ne cewa mafita ka nema.

In ƙaddara ta faɗa ka buge mutum, doka tana so ka tsaya ka taimaka. Idan tsayawar za ta sa a kashe ka, wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka, ba gida ba, ba garejin mai gyara ba. Wanda ya wanke jini ko ya canza bamba cikin dare ya ƙara wa kansa tuhuma ta biyu. Nemi lauya kafin ka sa hannu a kan kowane bayani.

Ko kotun laifi ta sallame ka, ƙarar diyya tana nan, kuma hujjar da ake buƙata a can ba ta kai ta shari'ar laifi nauyi ba. Inshora ba a yi ta don abin da aka aikata da gangan ba: kamfanin ko ya ƙi biya, ko ya biya wanda aka raunata sannan ya dawo ya bi ka kuɗinsa. In motar aiki ce, maigidanka ma ana iya haɗawa da shi a ƙarar.

Ku kuma 'yan uwa masu fita kan titi, haƙƙinku na diyya ba ya dawo da ƙafa. Kotuna da yawa suna rage diyyar wanda ya tsaya a tsakiyar babbar hanya da kansa, gwargwadon nasa sakacin. Kada a tare hanya a bayan kwana ko gangara ko cikin duhu, a bar wa motar asibiti wurin wucewa, direban da ya nemi juyawa kuma a buɗe masa ya juya.