Kuɗin aikin girka murhun ɗumama ɗaki

Mutane da yawa na ganin kuɗin aikin girka murhu mai cin itace da kwal ya yi yawa, tunda a ganinsu ajiye shi ne kawai a haɗa masa bututu. Ba laifinsu ba ne, abin da ido ke gani ke nan.

Amma yawancin aikin yana kan hanyar hayaƙi. Idan gida na da tsohon bututun hayaƙi, sai an share kunkunniya, an hau rufi an zura a cikinsa bututun ƙarfe mara tsatsa mai faɗin milimita 125 ko 150, an toshe gefensa. Idan babu, dole a fasa bango ko rufi a kafa bututu mai ninki biyu, wato ƙarfe a cikin ƙarfe, nesa da katako. Shi ya sa murhu iri ɗaya a gida biyu, ɗaya ya ƙare a yini guda, ɗaya ya ci kwanaki.

Ga kuma dandamalin ɗora murhun wanda ba ya cin wuta, ƙofar shigar iska, da gwajin hayaƙi. In aka tsallake waɗannan don rage kuɗi, hayaƙi kan dawo ɗaki, tare da gubar kabon monoksaid wadda ba ta da wari.