Wai Don Kuna Son Abu Ɗaya, Shi Ke Nan Kun San Juna?

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yan mata.

Jiya bayan la'asar na tsaya wurin mai cajin waya a Tudun Wadar Zariya ina jiran a miƙo mini tawa, sai ga wasu samari biyu a kan benci sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ɗayansu yana buɗe asusu a irin manhajojin nan da ke haɗa mutum da waɗanda ra'ayinsu ya zo ɗaya. Da aka zo inda ake tambayar abubuwan da mutum yake sha'awa, sai abokin ya ce, "Kai, sa karatun littattafai, 'yan matan Samaru suna son haka." Ya sa. "Sa tafiye-tafiye." Ya sa. "Sa girki ma." Suka bushe da dariya har da tafawa. Hoton da ya zaɓa kuwa, wanda ya ɗauka ne yana jingine da motar wani a ƙofar gidan biki. Na san yaron nan, na san gidansu. Rabonsa da littafi tun ranar da ya gama jarrabawar sakandare, tafiyarsa mafi nisa kuma Kaduna, ita ma rakiyar amarya.

Ƙaryar tasa ba ita ta fi ɓata mini rai ba, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daren nan wata yarinya a ɗakin kwanan ɗalibai za ta ga wannan shafi, ta ga karatu, ta ga tafiya, ta ga girki, ta juya ta ce wa ƙawarta, "Wallahi komai namu ɗaya." Daga nan ta saki jiki. Wannan sakin jikin shi nake so mu yi magana a kai.

Ku fara gane yadda abin yake aiki. Kai ne kake rubuta sunanka da shekarunka, kai ne kake ɗora hoto, kai ne kake zaɓar abin da ka ce kana so: ƙwallo, waƙa, kasuwanci, karatun addini. Wayarka kuma tana sanar da manhajar inda kake tsaye. Kwamfutar kamfanin sai ta gwada abin da ka rubuta da abin da wasu suka rubuta, ta jero maka waɗanda ke kusa. Wanda ya yi maka ka ja hotonsa dama, wanda bai yi ba ka ja hagu, in shi ma ya ja naka dama sai a buɗe muku ƙofar hira. Tinder, wadda ta fito a Amurka a 2012, ita ta yaɗa wannan salo, sannan Bumble ta biyo baya a 2014, daga baya ma ta ƙara sashen neman abokai zalla. Iyakar abin ke nan. Babu inda na'urar ta leƙa gidan mutum, babu inda ta tambayi maƙwabcinsa. Abin da aka zuba mata shi take juyewa. In maƙaryaci ya zuba mata ƙarya, ƙarya za ta kawo miki da hoto mai kyau.

Masu abin da kansu sun san haka. A 2014 kamfanin OkCupid ya fito fili ya ce ya yi gwaji a kan masu amfani da shi: an ɗauki mutanen da lissafi ya nuna dacewarsu kashi 30 ce cikin ɗari, aka ce musu kashi 90 ce. Suka kuwa fi yawan hira da juna fiye da in an gaya musu gaskiya. Wato kalmar "kun dace" ita kaɗai ta isa ta sa mutum ya buɗe baki. Kuma ku sani kamfani ɗaya ne, Match Group, ke da Tinder da OkCupid da Hinge, kuma da kuɗin rajistar wata-wata yake ci. Ranar da ka sami wanda kake nema ka goge manhajar, sun rasa mai saye. To ku da kanku ku auna, me zai sa su yi ɗokin ganin kun gama da wuri? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amma ni ba da kamfani nake ba, da ku nake. Tun yaushe son abu ɗaya ya zama sanin hali? Ɓarawo yana goyon bayan Arsenal, malamin makarantar allo ma yana iya yi. Ku leƙa gidan kallon ƙwallo a Sabon Gari ranar babban wasa: mutum ɗari suna ihu da murya ɗaya, ana rungumar juna in an ci, a cikin wannan rungumar ake zare wa wani waya daga aljihu. Ra'ayinsu bai zo ɗaya ba? Ya zo mana. Sha'awa tana sauyawa da shekaru, wanda ke son ƙwallo bana zai iya komawa kiwon tattabaru baɗi. Hali kuwa zanen dutse ne, kuma babu wurin da ake rubuta shi a manhaja.

Akwai wata yarinya da ke kusa da mu, mai hankali, wadda ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ta haɗu da wani a irin wannan wuri saboda duk sun rubuta suna son ɗinki da kasuwancin atamfa. Hira ta yi daɗi, ya ce yana saro kaya daga Kantin Kwari, yana turo mata hotunan dila-dila na kaya. Kafin wata ya zagayo ya san sunan mahaifiyarta, ya san ranar da take karɓar adashi, ya san ƙofar da take fita in za ta makaranta. Ita fa? Suna ɗaya ta sani, shi ma Allah kaɗai ya san ko nasa ne. Ranar da ta kwashi adashin ta je wurin mai POS ta tura masa a kan zai aiko mata da kaya a motar Kano ta karɓa a gadar Kwangila, inda motocin Kano ke tsayawa. Ta tsaya a ƙarƙashin gadar nan tun azahar, tana duba kowace mota da ta tsaya, tana kira ana cewa layin a kashe yake, har aka kira magariba. Da aka tambaye ta me ya sa ta yarda da shi, amsarta ita ce, "Ai komai namu iri ɗaya ne." Haba! Ba dole ya zama iri ɗaya ba, tunda ya karanta naki kafin ya rubuta nasa?

Ku ma samari kada ku ɗaga kafaɗa. Nawa ne a cikinku suka kwana suna tura kati da data ga "budurwa" mai son ƙungiyarku, mai son mawaƙinku, wadda kullum kyamararta ta lalace in an ce a yi kiran bidiyo? Gardi ne irinka yake zaune yana amsa maka, wataƙila ma yana hira da mutum goma a lokaci guda. Wasu kuma an ja su da hira har sun tura hoton da bai kamata ba, washegari aka juyo da shi ana cewa ko kuɗi ko a watsa. Ga na neman kuɗi: a haɗa ku rukuni ɗaya wai masu sha'awar zuba jari, kowa yana kiran kowa ɗan'uwa. An yi MMM, wani tsarin zuba kuɗi na yaudara, a ƙasar nan, a watan Disambar 2016 aka wayi gari an rufe asusun mutane, amma har yau in an sauya wa abin suna sai ku sake rugawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, in dai akwai kunnen ji. Ba zan ma shiga batun cacar ƙwallo da ta cinye kuɗin makarantar wasunku ba, ko ku da ke latsa waya a sahun sallar Juma'a liman yana huɗuba. Wannan sai an ware masa rana.

Na san abin da za ku ce: ai akwai na Musulmi. Akwai. Muzz, wadda aka fara a Ingila da sunan Muzmatch, an yi ta ne don masu neman aure, har da damar a sa waliyyi ya riƙa ganin hirar da ake yi. To ina tambaya, a cikinku wa ya taɓa kunna wannan? Wacece ta sa yayanta ko kawunta? Kun ɗauki sunan addini kun bar sharaɗinsa. Kuma mai niyyar cuta ai ya fi kowa iya rubuta "ina son karatun Alƙur'ani", don ya san nan ne zuciya take saurin yin laushi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutum yana kan addinin abokinsa, don haka kowa ya duba wanda zai riƙa aboki. Duba aka ce. An kuma ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana yaba wani mutum, sai ya tambaye shi: maƙwabcinsa ne kai da ka san shigarsa da fitarsa? Kun taɓa yin tafiya tare? Kuɗi ya taɓa shiga tsakaninku? Duk ya ce a'a. Sai ya ce masa, to ba ka san shi ba. Ku ɗauki waɗannan tambayoyi uku ku ɗora a kan wanda kuke kira masoyi ko amini a waya, ku ga ko zai haye ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ku kuwa ko kwano ɗaya ba ku taɓa haɗawa ba.

Ban ce ku jefar da waya ba, ban kuma ce ba a dacewa ba. Ana dacewa. Ku dai riƙe sirrinku, ku sa manya a ciki, ku yi tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin takaicin, wannan garin ba baƙon bincike ba ne. A Zazzau in yaro ya nuna yana son yarinya, kafin a karɓi ko goro sai an tura mutum unguwarsu. A tambayi limamin masallacinsu ko ana ganinsa da asuba, a tambayi abokan sana'arsa ko yana biyan bashi, a ji yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana. Zance a zaure ake yi ko a ƙofar gida, ƙanin yarinya yana kai da kawowa, kowa a layin ya san wane ne ya zo. Abota ma haka take. A makarantun zaure na cikin birni, daga Unguwar Kona zuwa Unguwar Juma, mutane sukan yi shekaru gwiwa da gwiwa a gaban malami ɗaya kafin ɗaya ya kira ɗaya amini. In ka kawo sabon aboki gida, tambayar farko da tsoho zai yi ita ce, "Ɗan gidan wa?" A lokacin muna jin haushin tambayar, amma ita ta tsare da yawanmu.

Ko zamanin manhajar hira ta 2go, da ake shiga ɗakunan hira na gari-gari, akwai sauran kunya. Mutum yana ɓoyewa don ya san in yayansa ya gani akwai magana. Yanzu yayan ma yana ciki, ya rage wa kansa shekara bakwai, ya rubuta bai da aure alhali 'ya'yansa uku. Uwa ta saya wa 'yarta waya mai tsada don kada a raina ta a makaranta, amma ba ta taɓa cewa "Da wa kike magana har ƙarfe biyun dare?" ba, wai kada a takura wa yarinya. Uba ya dawo daga kasuwa, shi ma ya kishingiɗa da tasa wayar. Maƙwabcin da a da zai tsayar da kai a hanya ya ja maka kunne, yau in ya yi magana sai a ce ina ruwansa, shi ya sa kowa ya kama bakinsa. Ni ma na san wasu a cikinku za su karanta rabin wannan, su ce tsohon yayi ne, su koma jan hotuna dama da hagu.