Yuraniyom ɗin Arlit: a fito da kwangilar kowa ya gani

Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar. Faransa, wadda yawancin wutar lantarkinta daga nukiliya take samu, ta daɗe tana shan romonsa, alhali akasarin ƙauyukan Nijar a duhu suke kwana. Shi ya sa ban ga laifin gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ba da ta janye lasisin mahaƙar Imouraren daga hannun kamfanin Faransa, Orano, a Yunin 2024, ta kuma mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom a Arlit, mallakin ƙasa a Yunin 2025. Wanda ya shekara hamsin yana kallon tireloli na fita da arzikinsa zuwa tashar ruwan Kwatano, yana da hujjar cewa ya isa haka.

Abin da ke hana ni sakin jiki shi ne, duk inda yuraniyom yake, bindiga na biye da shi. A Satumban 2010 'yan Alƙa'ida suka sace ma'aikatan Areva (tsohon sunan Orano) da na wani kamfani mai yi masa kwangila a Arlit. A 2013 Faransa ta turo sojojinta na musamman gadin mahaƙar, duk da haka a watan Mayu aka tayar da bam a cikinta. Sojojin Faransa sun fice a ƙarshen 2023, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, a shekarar kuma na Rasha suka sauka Yamai. Ba a jima ba aka fara zama da kamfanin nukiliyar Rasha, Rosatom. Ba don Allah kowannensu ya zo ba, kuma ina tsoron kada a guje wa gara a faɗa gidan zago.

Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 2023, ya wajabta buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. Wannan sharaɗin ya kamata a raya. Duk wanda zai sayi yuraniyom ɗin Nijar, Rasha ce, Sin ce ko Turkiyya, a faɗa wa talaka farashin, da abin da aka yi alkawarin bayarwa a bayan fage.

Sai kuma Akokan, garin da ke kusa da Arlit. An rufe mahaƙar Cominak da ke can a Maris na 2021, aka bar kimanin tan miliyan 20 na tarkace mai tururin nukiliya kusa da gidajen mutane, inda iskar hamada ke kaɗawa, ga ruwan shansu a ƙarƙashin ƙasar. Wallahi duk yarjejeniyar da ba ta fayyace wanda zai biya kuɗin binne wannan guba da jinyar tsofaffin ma'aikata ba, bai kamata a sa mata hannu ba.