Quiet da silent ba abu ɗaya ba ne, jama'a

Jiya ƙanina ya kawo min aikin makarantarsa in duba masa. So yake ya ce kakanmu mutum ne shiru-shiru, sai ya rubuta "a silent man". Bature in ya karanta haka zai ɗauka dattijon da ƙyar yake buɗe baki, alhali kakanmu mai hira ne, hayaniya ce kawai ba ya so. Quiet ya kamata ya rubuta.

Ban ga laifin yaron ba. Tun firamare aka haddasa mana cewa quiet shiru, silent ma shiru, aka wuce wurin. Ni kuwa a ganina wannan ragwanci ne wajen koyarwa, don Hausa ba ta rasa wannan bambancin ba.

Quiet yana nufin akwai sauti, amma kaɗan ne. Unguwa bayan sallar isha'i, ana jin rediyon maƙwabci can ƙasa-ƙasa, akuya ta yi kuka jefi-jefi. Shi ya sa ake cewa quieter, don wani wurin ya fi wani lafawa. Silent kuwa tsit ne, kamar ruwa ya cinye mutane. A Ingila tun 1919 suke tsayuwar minti 2 ranar 11 ga Nuwamba don tuna waɗanda suka mutu a yaƙi, kuma silence suke kiranta, saboda ba a son ko tari. Haka harafin k na knife, silent ake ce masa: yana rubuce, baki ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Inda kalmar ta fi burge ni shi ne kan mutum. In an ce "he remained silent", an tambaye shi ne ya yi gum da bakinsa. Yana da amsa, ya dai zaɓi ya riƙe abarsa.

Mute kowa ya san shi a rimot: sautin na nan, an toshe shi ne. Hushed kuma irin muryar da ake yi a zaman makoki, kowa ya sassauta da gangan.

Af, kafin in manta, quite daban take, ba ruwanta da sauti. Ƙanin nawa ya rubuta ta har sau biyu a shafi na gaba, shi a nufinsa quiet.