Dokokin kama salmon a Sikotlan da sandar da aka karɓe daga hannun Sarkin Ruwa

A ƙasar Sikotlan, inda nake zaune, doka ta ba kowa damar ya yi yawo a bakin kogi, ya yi iyo, har ya tuƙa ɗan kwalekwalensa, amma ranar da ya jefa fatsa domin kama kifin salmon ba tare da rubutaccen izini daga mai haƙƙin su a wurin ba, ya aikata laifin da ake gurfanar da mutum gaban alƙali a kansa. Haƙƙin kama salmon a nan dukiya ce mai zaman kanta, ana sayar da ita, ana gadonta, kuma yana yiwuwa mai gonar da ke bakin ruwan daban, mai haƙƙin kifin daban. An yanyanka manyan koguna irin su Tay da Tweed da Spey da Dee gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da mai ita, da yawan masu fatsar da aka yarda su tsaya a cikinta a wuni guda, kuma a mafi yawan wurare masu tsada akwai ma'aikaci na dindindin wanda ya san kowane gurbi, shi ke raka baƙo yana kuma sa masa ido.

Ba a gane waɗannan dokoki sai an san rayuwar kifin, domin a kanta aka gina su. Salmon yana ƙyanƙyashewa ne a cikin tsakuwar ƙananan rafuka, ya yi shekara biyu ko uku a ruwan daɗi, sannan ya gangara teku, wani ya kai har gaɓar Girinlan wajen neman abinci. Bayan shekara ɗaya zuwa uku sai ya komo kogin da aka haife shi, ya daina cin abinci, ya yi ta haurawa sama har ya isa inda zai zuba ƙwai a ƙarshen shekara, galibi a Nuwamba da Disamba. Kifin tirawut kuwa iri biyu ake gani, mai zama a kogi duk rayuwarsa da mai fita teku ya dawo, kuma doka ta haɗa na biyun da salmon a hukunci. Saboda haka kowane kogi yana da ranar buɗewa da ranar rufewa gwargwadon lokacin da kifinsa ke shigowa: Tay daga 15 ga Janairu zuwa 15 ga Oktoba, Spey daga 11 ga Fabrairu zuwa 30 ga Satumba, Tweed daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Nuwamba. Tirawut mai zama a kogi ana kama shi ne daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba. Ranar Lahadi ba a kama salmon ko kaɗan, kuma wannan hutun mako tsohon abu ne ƙwarai, domin tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce sarakunan ƙasar suka wajabta a buɗe shingayen kama kifi daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin, kifi ya samu hanyar wucewa.

Hanyar kamun ma an ƙayyade ta. Ba a sa ƙwan kifi a bakin ƙugiya, ba a fizgo kifi ta ciki ko ta baya da gangan, sai wanda ya kai baki da kansa, kuma duk kifin da ya riga ya zuba ƙwai yana kan hanyar komawa teku, ko wanda bai girma ba, dole a mayar da shi. A kogin Tweed, daga tsakiyar Satumba har a rufe, ba a amfani da komai sai ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu. Tun 2002 aka haramta sayar da salmon ɗin da aka kama da fatsa, wanda ya rufe ƙofar kasuwa ga mai satar kifi da ke fakewa da sunan nishaɗi. Daga 2016 kuwa gwamnati ta fara duba kowane kogi shekara-shekara tana sa shi a ɗaya daga cikin matakai uku bisa yiwuwar ya samu isassun ƙwai, kuma duk kogin da ya faɗa matakin ƙarshe, wanda a yanzu su ne mafi yawa, ba a kashe ko kifi ɗaya a cikinsa. Kafin 1 ga Afrilu ma babu kogin da ake riƙe salmon a duk ƙasar. A Ingila tsarin ya ɗan bambanta, domin can sai mutum ya yanki lasisin gwamnati daga shekara 13 zuwa sama ban da izinin mai ruwa, tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500, kuma duk salmon da aka kama kafin 16 ga Yuni sai an sake shi.

Bahaushe idan ya ji wannan, abu na farko da zai ce shi ne Turawa sun ƙoshi, shi ya sa suke wasa da abinci. Akwai gaskiya a maganar, kuma ni kaina har yau ban sami natsuwa da ganin an wahalar da dabba rabin awa, an ɗauki hoto da ita, an mayar da ita ruwa ba. Sai dai wanda ya tsaya a wannan zai rasa abin da ya fi muhimmanci, wato wane ne ke riƙe da dokar a bakin ruwa. A Sikotlan ba a jiran wani jami'i daga babban birni. Kusan kowane babban kogi yana da hukumarsa ta yanki, wadda masu haƙƙin su ke biyan kuɗin gudanar da ita daga aljihunsu, kuma ita ke ɗaukar dogaran ruwa waɗanda wata doka ta 2003 ta ba ikon bincikar mota da jirgi, da ƙwace raga, da tsare wanda suka kama dumu-dumu. Dogarin nan ɗan yankin ne, ya san gurbin da kifi ke taruwa idan ruwa ya ja, ya san wanda ke fita da dare, kuma albashinsa ya dogara ne da kasancewar kifi a kogin baɗi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Sarkin Ruwa a ƙasar Kabi da Yawuri, da bulamomi da manyan masunta a fadamun Haɗeja da Nguru, aikinsu ke nan tun kafin zuwan Bature: su ke cewa wannan gurbi an rufe shi sai bayan kaka, su ke sa ranar su, su ke hana wani irin kayan kamu, kuma wanda ya karya doka a gaban mutanen garinsu ake hukunta shi, abin da ya fi tara ciwo. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali a 2016, a zahiri doka ce ta rufe ruwa da ta zama biki. Ana hana taɓa ruwan Matan Fada, inda ake gasar, tsawon shekara, ranar da aka buɗe kuma ba a shiga da komai sai homa da gora, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai nauyin babban mutum. Masu kallo suna ganin awa ɗaya ta gasar, amma watannin haƙurin da suka gabace ta su ne suka yi kifin.

Abin da ya same mu shi ne an ɗauke ikon daga hannun wanda ke bakin ruwa an mayar da shi cikin takarda, takardar kuma ba a ba ta ƙafafu ba. Najeriya tana da dokar kamun kifi na ruwayen cikin ƙasa tun 1992, wadda ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba sai a wasu keɓaɓɓun kamu. A rubuce ba ta da wani abin kunya idan aka ajiye ta kusa da ta Sikotlan. Amma duk wanda ya tashi kusa da gulbi ya san labarin Gamalin, maganin ƙwarin da ake zubawa a ruwa kifi ya taso babba da ƙarami, ya san gidan sauron da aka raba don zazzaɓin cizon sauro ya koma raga mai kwashe 'ya'yan karfasa, ya san dumba da ake jerawa a tare hanyar kifi gaba ɗaya a yankin Tafkin Chadi, ya kuma san dala, wato babban tarun da aka sha fama da hana shi a tafkin Kainji. Jami'in da ya kamata ya hana yana hedkwatar ƙaramar hukuma ba jirgi ba mai, in ya zo bakin ruwa ma haraji ya zo karɓa, Sarkin Ruwa kuwa an bar masa rawani an karɓe sanda.

Ban ce a kwafo tsarin nan ɗungurungum ba, kuma akwai sassansa biyu da zan yi adawa da su da ƙarfi. Na farko shi ne mayar da kogi dukiyar mutum ɗaya. A nan wuni guda a gaɓa mai suna a lokacin da kifi ya fi yawa yana iya cin ɗaruruwan fam, kuma duk da akwai ƙungiyoyin gari masu arha, tarihin kogunan nan cike yake da talakawan da aka ɗaure don sun kama kifi a ruwan da ya ratsa ƙauyensu. Idan aka shigo da wannan ƙasarmu, cikin shekaru kaɗan za a wayi gari gulbin Kabi yana hannun 'yan siyasa da 'yan kwangila, Sarkawa da Kabawa suna leƙe daga nesa. Na biyu shi ne a kama a saki. Mai fatsa a Tay likita ne ko mai ritaya da ya zo hutu, abincin darensa yana jiransa a masauki, masuncin Yawuri kuwa tarwaɗar da ya kama ita ce cefanen gidansa da kuɗin makarantar 'ya'yansa, kuma dokar da ba ta san wannan bambanci ba ba za ta kwana a bakin ruwa ba. Abin da ya dace da mu shi ne rufe ruwa a lokacin da kifi ke bin ambaliyar damina yana shiga fadamu don zuba ƙwai, da hana ƙaramin ido na raga, kuma a sa aiwatarwar a hannun masu sarautar ruwa tare da ikon da kotu za ta amince da shi da kuma wani kaso na harajin kifin da ake karɓa a kasuwarsu.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci da Sikotlan ke koyarwa ba da son ranta ba. Duk da tsananin dokokin nan, kuma duk da cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na salmon ɗin da ake kamawa da fatsa yanzu ana mayar da shi ruwa, kifin sai raguwa yake yi. A 2010 an kama sama da 100,000, a 2023 kuwa kusan 33,000 ne, adadi mafi ƙanƙanta zuwa lokacin tun da aka fara ƙidaya a 1952, kuma a Disambar 2023 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sa salmon ɗin Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A 2024 Norwe ta rufe koguna 33 ana tsakiyar lokacin kamu. Dalilan sun fi ƙarfin mai fatsa: ɗumamar teku da ta koguna, madatsun da ke tare hanya, gurɓatar ruwa, da ƙwarin da ke yaɗuwa daga gonakin kiwon salmon a gaɓar yammacin Sikotlan. Mu ma haka abin yake, domin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kuma babu Sarkin Ruwan da zai iya gyara wannan da ikonsa. Wanda ya ɗora wa masunci laifin ƙarewar kifi shi kaɗai, ya kawar da kai daga mai buɗe ƙofar madatsa da rufe ta, bai yi adalci ba.

Na iya kawo waɗannan alƙaluma ne saboda doka ta wajabta wa kowane mai haƙƙin su a Sikotlan ya miƙa lissafin abin da aka kama a gaɓarsa duk shekara, har da wanda aka saki, kuma da wannan lissafin ake yanke hukuncin kogin da za a tsaurara wa doka. A gida muna cewa kifi ya yi ƙaranci, tsofaffi suna ba da labarin yauni da bargi na da, amma da wuya a sami gulbin da wani zai buɗe littafi ya nuna abin da ya bayar shekara ashirin a jere. Dillalan kifi a Yawuri da Baga sun riga sun san kwali nawa na banda ke tashi kowace ranar kasuwa, domin a kansa suke karɓar la'ada, kuma da za a sa magatakarda ɗaya a fadar kowane Sarkin Ruwa ya riƙa karɓar wannan lissafi yana rubuta irin kifin da girmansa, da cikin 'yan shekaru an san wane gurbi ne ke buƙatar a rufe shi damina biyu a jere.