Idan Yaro Ya Faɗi, Wa Ke Tsaye Kusa Da Shi?

Da yawa cikinmu na ɗaukar juriya a matsayin halin da ake haihuwar mutum da shi: wane dakakkiyar zuciya gare shi, wane kuwa rago ne tun yana goye. Wasu sun yarda ana koyon ta, amma a ganinsu wahala ce kaɗai ke koyar da ita, don haka a bar yaro ya sha wuyarsa, ai wuya ba ta kisa. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba. Yaro yana koyon tashi ne idan ya gamu da faɗuwar da ta yi daidai da ƙarfinsa, kuma akwai babba a kusa wanda bai ɗauke masa nauyin ba, bai kuma juya masa baya ba.

A tsibirin Kauai da ke jihar Hawaii ta Amurka, masaniyar halayyar ɗan Adam Emmy Werner da abokan aikinta sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955, tun daga haihuwa har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun taso cikin talauci da gidajen rigima, wasu iyayensu mashaya ne, wasu na fama da taɓin hankali. Yawancin waɗannan sun shiga matsala kafin su kai shekara 18. Amma kusan ɗaya cikin ukunsu sun girma lafiya lau, suka riƙe aiki, suka riƙe iyali. Da aka duba abin da ya bambanta su, abu ɗaya ya yi ta fitowa: kowannensu ya samu aƙalla babba guda da ya shaƙu da shi, ko kaka, ko yaya, ko gwaggo, ko malami. Da yawansu kuma an ɗora musu wani aikin da ake dogara da su a kansa, kamar kula da ƙanne. Wahalar iri ɗaya suka sha da sauran. Wanda ke kusa da su na cikin manyan abubuwan da suka bambanta su.

Wannan kusancin ana gane shi ne a ɗan lokacin da ke biyo bayan faɗuwa. Yarinya 'yar shekara takwas ta dawo da takardar lissafi, jan biro ko'ina, ta jefar da jaka tana cewa, "Ni ba ni da ƙwaƙwalwa." Uwar da ta gaji za ta ce, "Ke, ba komai, share hawayenki." Wata za ta ce, "Ga 'yar wance can ta cinye duka." Ta farko ta nuna wa yarinyar cewa ɓacin ranta ba abin kulawa ba ne, ta biyu ta ƙara mata gishiri a ciwo. Akwai hanya ta uku, kuma ba ta buƙatar digiri. Uwar ta ce, "Na ga abin ya yi miki ciwo, zo ki zauna nan." Ta bar ta ta yi kukanta. Can bayan ta huce, ko da washegari ne, sai ta ce, "Kawo takardar mu gani, daga ina aka fara samun matsala?" Suna dubawa sai su ga duk tambayoyin da ta faɗi na ɗebewa ne, inda ake aro daga goma. Abin da ɗazu yake "ba ni da ƙwaƙwalwa" ya koma "ban gane aro ba tukuna", wanda za a iya gyarawa da ƙirgen tsakuwa cikin 'yan kwanaki. Yarinyar ta koyi lissafi, ta kuma ga da idonta cewa ana iya buɗe faɗuwa a duba cikinta.

Har yabon da muke yi wa yara yana da hannu a nan. A 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun wallafa binciken da suka yi da 'yan aji biyar na firamare. Bayan yaran sun yi wani aiki mai sauƙi, an ce wa wasu lallai suna da basira, wasu kuma an ce lallai sun yi ƙoƙari. Da aka ba su aiki mai wuya suka kasa, waɗanda aka yabi basirarsu sun fi saurin sarewa, aikinsu na gaba ya ja baya, kuma sun fi ƙara wa makinsu gishiri idan suna ba wasu labari. Dalilin a fili yake: wanda aka gaya wa ya ci ne don yana da kai, ranar da ya faɗi zai ɗauka kan ne babu. Ba ina cewa a riƙa maimaita "ka yi ƙoƙari" kamar karatun aku ba, yara na gane yabon ƙarya. A faɗi abin da aka gani: "Na lura ka sake gwadawa ta wata hanya da ta farko ta ƙi."

Iyayen da ke share wa yaro kowace ƙaya a hanya, ƙauna ce ke sa su, ban musa ba. Amma uban da ke yi wa ɗansa aikin gida da hannunsa, ko ya tafi yi wa malami faɗa don an rage maki biyu, saƙon da yake aika wa yaron shi ne, "Ba za ka iya ba sai da ni." A bar shi ya je makaranta da aikin da bai kammala ba, ya ji kunyar, ya dawo ya tarar ana son sa kamar jiya.

Masu cewa wuya ba ta kisa su ne na fi jin tsoro, domin maganarsu na kama da hikima. Tun a 1967 Martin Seligman da Steven Maier suka nuna, a gwajin da suka yi da dabbobi, cewa wanda aka saka cikin azabar da ba shi da ikon tsayar da ita yakan daina neman mafita, ko da an buɗe masa ƙofa daga baya. Cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard ma ta raba damuwa gida uku: mai amfani, kamar fargabar ranar farko a makaranta, mai nauyi amma ana iya jure ta idan akwai mai tallafi, kamar rasuwar makusanci, sai mai guba, wadda ke daɗewa babu babban da zai rage zafinta, har ta taɓa ginin ƙwaƙwalwa da lafiyar jiki. Dukan yaro, zagi kullum, cin zarafi da sakaci na cikin ta ukun nan. Yaron da aka saba cewa "namiji ba ya kuka" yakan daina kukan, sai mu ɗauka ya yi ƙarfi, alhali ya daina kawo mana ƙara ne kawai.

Shi ya sa dole babba ya iya rarrabewa. Rashin shiga ƙungiyar ƙwallo ko saɓani da aboki abu ne da yaro zai iya ɗauka, mu tsaya gefe muna tambayarsa, "To, me kake ganin za ka yi?" Amma idan manyan yara ne suka sa shi gaba kullum a makaranta, ba lokacin koyon juriya ba ne, lokacin zuwa a ga shugaban makaranta ne. Haka nan idan makonni suka wuce yaro ba ya barci, ba ya cin abinci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya janye daga wasan da yake so, a kai shi wurin likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kada a tsaya jiran ya warware da kansa.