Ba a ƙirga ba, shi ke nan

To madalla, an kafa kwamiti. An manta almakashi a cikin mara lafiya an ɗinke, yanzu manya za su zauna su gano abin da kowace nas ta ɗakin tiyata ta sani tun tana ɗaliba: ba a ƙirga kaya ba.

Kar wanda ya kawo mini zancen likitoci sun gudu waje ko babu kuɗi. Na ji, gaskiya ne, amma ƙirga nawa ake saye?

Mutum biyu ne ke yin sa, nas mai miƙa kaya da wadda ke zagaye a ɗakin. Su ƙirga da baki, a bayyane: almakashi, ƙarafan kama jijiya, allurar ɗinki, audugar tsane jini, a rubuta a allo. Kafin a tsaga sau ɗaya, kafin a rufe ciki a sake, wajen ɗinke fata a sake, in an canji ma'aikata ana tsakiyar aiki a kuma sake. Lissafi bai cika ba, ba a rufewa. A duba cikin, a duba bokiti, a duba ƙasa. Ba a gani ba, a ɗauki hoton eksire kafin a fitar da mara lafiyar. Shi ya sa audugar tiyata ta gaske ke da zare a jikinta wanda ke fitowa a hoto.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai jerin abubuwa 19 da ake dubawa a kowace tiyata, shafi ɗaya tal. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da ɗaya a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Mu kuwa mun manna ta a bango ta yi ƙura, ko a cike ta bayan an gama, duk layi an ja alama.

Inda abin ke lalacewa sananne ne: aikin gaggawa cikin dare, jini na zuba, ana ta cusa auduga ba mai rubutawa. Sai nas ta ce saura ɗaya, babban likita ya harare ta, ta haɗiye maganarta. Wallahi nan ne ciwon. Asibitin da ƙaramar nas ba ta isa ta ce "Dakta, a dakata" ba, ko injin biliyan aka saya masa, za a sake.

Masu cewa ƙaddara ce, mun yi imani da ƙaddara. Amma ɗaure raƙumi aka ce a yi tukuna.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce sai da takardar shaidar cika ƙa'ida asibiti zai yi aiki. Wa ya taɓa ganin ta a rataye?

Af, har yanzu kuma 'yan uwan mara lafiya ake miƙa wa 'yar takarda ƙarfe biyun dare su nemo safar hannu da auduga a kyamis ɗin bakin ƙofa. Wannan audugar da za su kawo, wa ya duba ko tana da zaren?